Taka burki da baki: sautin “skrrt” a ɗakin ɗaukar waƙa

Duk waƙar gambarar zamani da aka kawo sutudiyo, hawa uku ake yi mata kafin ta fita. Da farko a buga kiɗa. Sannan mawaƙi ya shiga ɗaki ya ɗora baitocinsa. Na ukun shi ne wanda mai sauraro ba ya ma lura an yi shi daban: a mayar da waƙar farko, mawaƙin ya koma gaban makirufo yana cike guraben da ya bari tsakanin layi da layi da 'yan ƙananan sautuka. Wani ihu ne, wani dariya, wani maimaita kalmar ƙarshe, wani kuwa ba kalma ba ce sam. A wurin aiki “adlib” muke ce musu, yadda sunan ya zo mana. Aikina ke nan a wani ɗan sutudiyo da ke wajajen titin Gidan Zoo a Kano. Ni ke zaune gaban kwamfuta, ni ke ɗauka, ni ke gyarawa, kuma da yake Allah ya ba ni murya mai ɗan kaifi, idan yaro ya gaji ko muryarsa ta dishe, ni ake turawa ciki in yi masa cikon.

A cikin sautukan nan babu wanda yara suka fi nema irin wanda ake rubutawa “skrrt”. An yi wani zamani da kusan duk wanda ya shigo da takardar waƙarsa za ka ga ya rubuta shi a gefen layi, wani har da jan biro. Sai na ɗauki ɗabi'ar tambaya kafin mu fara: wannan me yake nufi? Ba don in kunyata kowa ba, sai don in san irin muryar da za a ba shi. Wani yaro ɗan Fagge, mai baiwar jera kalmomi ƙwarai, ya dube ni yana mamakin tambayar ya ce, “Haba Oga, siket ne mana. Siket ɗin mata.” Abokin da ya rako shi ya ce a'a, sunan wata unguwa ce a Amurka. Wani ya ce mini kirarin wata ƙungiya ne. Wani ya ce ba ya nufin komai, daɗin baki ne kawai. Shi ma mai siket ɗin ban ga laifinsa ba, don a bakin Ba'amurke sautin biyu kusan iri ɗaya suke fita.

A can inda abin ya samo asali, ma'anarsa ba ɓoyayyiya ba ce. Ƙarar tayar mota ce a kan kwalta: wadda ake ji idan direba ya fizgi mota da ƙarfi daga tsaye, ko ya murɗa sitiyari a kwana yana cikin gudu, ko ya taka burki ba shiri. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon samari suna wasan mota ranar kai amarya ya san ta, har da ƙaurin robar da ke biyo bayanta. Mawaƙan kudancin Amurka, musamman na birnin Atlanta a jihar Jojiya, su suka fi shahara da yin ta da baki. Daga wajajen 2013, lokacin da samari uku na ƙungiyar Migos suka fara tashe, sai ta watsu ko'ina. Ba su ne farkon masu yin ta ba, amma a bakinsu yawancin yaranmu suka ji ta.

Daga ƙarar taya ɗin nan sai ma'ana ta yi rassa. Idan mawaƙi ya ce ya bar wuri sannan ya yi ta, nufinsa na fizgi mota na ɓace. Idan maganar wata budurwa ce ko wani abokin da ya juya masa baya, nufinsa na kauce, na bar shi tsaye yana shaƙar ƙura. Idan yana lissafa dukiya, tinƙaho ne da irin motar da ke iya yin ƙarar. Akwai kuma inda take zama burki a cikin zance, wato dakata, me ka ce? Koma baya mu ji. Layin da ya gabace ta shi ke nuna wacce ake nufi, kuma a nan tambayata take amfani, domin ba murya ɗaya ake yi musu ba. Ta fizgar mota gajeriya ce, tana tashi sama ta yanke. Ta burki doguwa ce, tana farawa sama ta gangaro, har ka ji nauyin motar yana komawa gaba. Ka ɗora ta burki a bayan layin da ke cewa na tafi, mai sauraro ko bai san dalili ba zai ji wani abu bai zauna ba. Na gwada wa yara wannan a gabansu: in kunna layi ɗaya da sautin biyu, in ce su zaɓa. Ban taɓa ganin wanda ya zaɓi wanda bai dace ba.

Akwai wata fassara kuma da nake gaya musu tun kafin su ji ta a bakin wani. Salon kiɗan da wannan sauti ya girma a cikinsa, wanda ake kira “trap”, sunansa daga gidajen da ake sayar da ƙwaya a unguwannin talakawan Atlanta ya fito. A wasu waƙoƙin, idan maganar girki ake yi, da tukunya da murhu da juya hannu, to ba abinci ake nufi ba, kuma da yawa daga masu bibiyar salon suna ɗaukar sautin a matsayin ƙarar cokali mai yatsu yana kankarar gindin tukunyar da ake dafa hodar iblis. Ba kowace “skrrt” ce ke nufin haka ba, mafi yawa mota ce. Amma yaron da zai koma gida ya kunna wa yayyensa waƙa ya kamata ya san abin da ke cikin kayan da ya aro. Wasu da na gaya musu sun ɗaga kafaɗa suka ce mu ci gaba, wasu suka soke ta da biro nan take. Duka biyun na ɗauka.

Sanin ma'ana shi ne mai sauƙi. Furtawa ita ce aiki, domin harshen Bahaushe ba ya son baƙaƙe su taru a farkon kalma ba wasali a tsakaninsu. Shi ya sa muke da burodi da buroshi da firamare da sukurudireba. To ga sauti ya zo da baƙaƙe zalla tun daga kai har wutsiya. Yaro zai shiga ɗaki da ƙarfinsa, in danna ɗauka, sai in ji “sikirit! sikirit!” Gaɓa ɗaya ta zama uku. Ba abin dariya ba ne kawai, lissafi ne ya lalace. Irin wannan kiɗa yakan tafi da bugu kamar 140 a minti ɗaya, wato kowane bugu bai kai rabin daƙiƙa ba. Idan mawaƙi ya bar bugu ɗaya a ƙarshen layi, wannan ɗan wurin ke nan aka ba ka. Gaɓa uku ba sa shiga. Ta uku za ta hau kan kalmar farko ta layi na gaba, ta danne ta.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in hana yaro tunanin kalma gaba ɗaya. Ina ce masa, “Ƙanena, manta da rubutun. Yi mini ƙarar iska tana fita daga taya.” Sai ya yi “sss”. In ce ya toshe ta da maƙogwaro ya sake ta da ƙarfi a siririyar murya. Da zarar ya daina kallon takarda, wasulan nan sukan faɗi da kansu. Saura kuma “r”. Mu muna da guda biyu, ra-kaɗe da ra-gare, bambancin da ke tsakanin baran gida da barar almajiri. Yaranmu ta biyun suke kamawa, su gara ta da kyau kamar a ƙarshen “biyar”, sai abin ya tashi daga taya ya koma injin markaɗe. Ta Amurkawa ba a gara ta, harshe ake ja baya a bar shi a sake. Inda garin harshen nan namu yake cin kasuwa shi ne a sautukan bindiga, kuma zan zo kansu.

Wani abu da ba a faɗa wa mai koyo shi ne ba a yin wannan aiki a zaune, kuma ba a yin sa da kunya. Dole ka miƙe, ka ja baya kamar taƙi ɗaya ko biyu daga makirufo, ka ɗan kawar da baki gefe don kada iskar “k” ta doki ƙarfen, jikinka yana bin kiɗa. Kiɗan kuwa a kunnenka kaɗai yake. Wanda ke waje ba abin da yake ji sai ƙaton mutum shi kaɗai a ɗakin da aka manne da soso yana ƙara, ya yi shiru, ya sake ƙara. Wata rana mai gidan da muke haya, dattijo ne mai yawan azumin nafila, ya shigo karɓar kuɗin wata ina tsakiyar yi wa wani yaro ciko, ƙofar ɗakin a buɗe saboda zafi don an ɗauke wuta kuma janareta ba ya ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. Ya tsaya ya saurara har na kai ƙarshen baiti. Da na cire abin kunne ya ce, “Malam, lafiya dai ko?” Na ce, “Lafiya lau, Baba, aiki ne.” Ya jinjina kai ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a,” da irin muryar da ake yi wa wanda za a shiga da shi tiyata.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in iya bayyana wa yara shi ne cewa wurin sautin tun a rubutu ake barinsa. Idan ka saurari 'yan Atlanta da kunnen aiki, za ka ji layukansu gajeru ne. Sukan jero gaɓoɓi uku-uku da sauri, sai su saki, su bar fili. Wannan filin ba hutun numfashi ba ne, an gina shi ne don wani ya amsa. A ƙungiyar mutum uku, ɗaya yana baiti biyu suna jefa masa, har ta kai idan ka cire jifan waƙar takan zama kango. Namu yaran kuwa daga wata makaranta suka fito. Sun taso da jin waƙar Hausa mai cikakken ɗango, kalmominmu dogaye ne, wasulanmu ana jan su, kuma ana auna gwanintar mawaƙi da yawan abin da ya iya cusawa a layi. Sai yaro ya cika layinsa maƙil tun daga bugun farko har na huɗu, sannan ya ce in sa masa “skrrt”. A ina? Zan iya dannawa da kwamfuta, in rage wannan in ƙara wancan, amma abin da zai fito hayaniya ce, mutum biyu suna magana lokaci ɗaya. Yanzu kafin a kunna makirufo nakan karɓi takardar mu zauna mu yi ciniki: wannan kalma ta fita, wannan “kuma” ɗin ba ta aikin komai, wannan “wallahi” ta uku ce a baiti ɗaya. Yara suna jin zafin wannan fiye da kuɗin ɗauka. Amma sau da yawa layin da aka rage wa kaya ya fi na farkon duka, ko da a ƙarshe ba a sa masa komai a gurbin ba.

Gyaran kwamfuta bai da wani sirri. Cikon yana da layinsa daban, ƙasa da babbar murya. Gangar ƙasa mai girgiza ƙirji, wadda har yau ake kira 808 da sunan wata na'urar kamfanin Roland da ta fito a 1980, ita ta mallaki ƙasan sauti, 'yan kacau-kacau ɗin nan masu gudu kuma sun mallaki sama, don haka cikon a tsakiya yake samun wurin zama. Nakan yanke masa abin da ke ƙasa da 300 da abin da ya haura kamar 3,400 a ma'aunin sauti, ya koma irin muryar da ake ji ta wayar tarho, in ɗan ba shi amsa-kuwwa. Ita “s” ɗin farko kaifi gare ta, idan ba a dasashe ta ba tana soka kunne.

Da na daɗe a kai sai na fara ganin cewa a can kowane sauti yana da mai shi, ko aƙalla wanda aka san shi da shi. “Brr” ɗin da yara ke yi suna kaɗa leɓe, rawar sanyi ce. A bakin mawaƙan Amurka ƙanƙara na nufin lu'ulu'u, wato na sha sarƙa da agogo har sanyi ya kama ni. Gucci Mane, shi ma ɗan Atlanta, ya riƙe wannan sauti har a 2011 ya sa aka zana masa hoton askirim a kumatu da kalmar a jiki. Wani an san shi da haushin kare, wani da gurnani, wani da wata irin dariya. Kana jin sautin kafin a fara baiti ka san wanda ya shigo. Hatimi ne. Har ta kai a 2019 mawaƙiya Cardi B ta nemi a yi mata rajistar nata sautin, “okurrr”, a matsayin alamar kasuwanci, ofishin da ke kula da wannan a Amurka ya ƙi, bisa hujjar cewa abu ne da jama'a suka riga suka saba faɗa. Ina ba yara wannan labari idan wani ya zo yana son a haɗa masa na mutum huɗu a waƙa ɗaya: haushin wancan, sanyin wancan, tayar wancan. Wanda ya daka rawar wani, in ji Hausawa, ya rasa turmin daka tasa. Mai sauraro yana jin waƙarka yana tuno wasu mutane, kai da ka biya kuɗin sutudiyo ba a tuna ka ba.

Sai dai ba na cikin masu cewa haramun ne sauti ya bar garinsu. A 2018 wannan “skr” ɗin ta shiga bakin matasan ƙasar Sin ta hanyar wata gasar gambara da ake nunawa a can, inda ɗaya daga cikin alƙalan yake yawan faɗarta, ta koma tana nufin abu ya yi kyau, ba mota ba taya. Kuma ba na yi wa yaron da ya zo a adaidaita sahu dariya don ya yi ƙarar motar da bai mallaka ba. Rabin waƙa buri ne, a ko'ina. Abin da nake nema kawai shi ne sautin ya yi wani aiki a layin da aka sa shi.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne sautin bindiga: “brrrap”, “grrra”, “pa-pa-pa” da danginsu. Sun ƙaru ƙwarai da salon da ake kira “drill”, wanda ya taso a Shikago wajajen 2011, ya haura Landan, ya dawo New York. A 2017 wani ɗan barkwancin Landan, Michael Dapaah, ya tattara su ya yi shaƙiyanci da su a wani shirin rediyon BBC, abin ya zama waƙar da duniya ta haddace, har yaran firamare a nan suna yi a hanyar makaranta. Su ma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. Wani lokaci barazana ce ga abokin gaba. Wani lokaci jinjina ce, domin a wuraren rawa na Jamaika an daɗe ana kwaikwayon ƙarar harbi da baki don a nuna mawaƙi ya burge, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya ga 'yan bindigar sarki suna barin wuta ranar hawan salla. A fagen furuci kuwa yaranmu sun fi masu abin. Ra-garen nan da ke ɓata “skrrt”, a nan sai ka rantse ƙarfe ne.

Matsalar ke nan. Akwai wata yarinya da ke zuwa yi mana amshi, mai sanyin murya, ba ta da yawan magana. Iyayenta sun dawo Kano ne daga wani ƙauye da ke yamma da nan bayan abin da kowa ya sani. Rannan an kira ta ta ɗora amshi a wata waƙa da aka riga aka gama cikonta. Ta sa abin kunne, na kunna mata daga baitin da ke gaban amshin don ta kama kiɗa. A ƙarshen baitin akwai “grrra-ta-ta-ta” da mai waƙar ya yi, ni kuma na raba shi kunnen hagu da na dama yadda zai ratsa kai. Ina kallonta ta gilashi. Kafaɗunta suka ɗaga, ta sunkuyar da kai, hannu ɗaya ya tafi neman bango. Wurin shigarta ya zo ya wuce ba ta buɗe baki ba. Na tsayar da kiɗa na ce, “Ƙanwata, in mayar?” Ta zare abin kunnen a hankali ta rataye, ta ce, “Yaya, a cire mini wannan tukuna.” Na kashe layin, ta yi amshinta tsaf, ta karɓi kuɗinta ta tafi. Mai waƙar yana zaune a bayana duk lokacin, bai ce uffan ba. Da za mu haɗa waƙar, shi da kansa ya ce a bar layin a kashe.

Ban mayar da wannan doka ba, ba ni ne mai waƙa ba. Idan yaro ya ce yana so, kuma baitin yana maganar abin da ya gani ne, nakan yi masa, in yi da kyau. Amma idan baitin na soyayya ne ko na tinƙaho da sabon takalmi, nakan tambaye shi wa ake harbi a nan. Su ma masu abin ba wasa ba ne a wurinsu. Takeoff, ɗaya daga cikin ukun nan na Migos, wanda da yawa ke ganin ya fi sauran iya jifa a bayan baiti, harbi ne ya yi ajalinsa a birnin Houston a watan Nuwamba na 2022, yana da shekara 28.

Wani tsohon makaɗin kalangu da muke gayyata idan ana son kiɗan gargajiya a waƙa shi ya taɓa zama ya kalli yadda muke wannan hawa na uku. Da aka gama ya ce, “Ashe sanƙira kuke yi.” Gaskiya ya faɗa. Makaɗan fada da na jama'a ba su taɓa tafiya su kaɗai ba. Ban da 'yan amshi akwai sanƙira ko ɗan ma'abba, wanda ba ya waƙa, sai dai ya faki inda makaɗi ya ja numfashi ya jefa kirari, ya ambaci sunan wanda ake yi wa, ya zuga. Ga guɗar mata a wurin biki, ga ihun 'yan kallo a fagen dambe. Amurkawa ma suna da nasu mai zugar da ke tsayawa kusa da mawaƙi a dandamali tun farkon gambararsu a New York cikin shekarun 1970. Bambancin kawai shi ne yanzu na'ura ta ba mutum damar zama sanƙiran kansa. Dattijon ya ƙara da wata magana da nake amfani da ita har yau: sanƙiran da bai san inda zai yi shiru ba, makaɗi sallamarsa yake yi.

Daga nan muka fara gwada namu kayan, don Hausa ba ta rasa amsa-kama ba. Ba duka suka yi ba. “Ƙiii” ita ce ainihin ƙarar burkinmu, amma tana son fili mai tsawo, kuma a siririyar murya takan koma kukan ƙofa. “Tim” da “rim” suna faɗawa daidai inda gangar ƙasa take, su nutse. “Garam” gaɓa biyu ce, sai a kiɗa mai tafiyar hawainiya. Waɗanda suka zauna daram su ne gajerun nan masu kaifi: “fit” bayan layin fita, “wuf” bayan layin cafke abu, “caraf”, “tsit” idan an ce an rufe wa wani baki, a kuma yanke kiɗan gaba ɗaya na bugu ɗaya a bayanta. Wanda ya fi su duka kuwa tsaki ne. Wani yaro ya yi baitin habaici ga abokin hamayyarsa, a gurbin da ya rubuta “skrrt” na ce ya ja tsaki kawai, dogo, kusa da makirufo. Duk wanda ke ɗakin sai da ya yi ihu. Babu Bahaushen da zai tambaye ka me tsaki yake nufi, kuma babu wanda zai ji shi bai ji zafinsa ba. Sai dai yaron ya ce a bar masa “skrrt” ɗaya a farkon waƙar don abokansa su san ya waye. Na bar masa.

Gwajin ƙarshe da nake yi wa kowace waƙa ba a manyan lasifikokin sutudiyo nake yin sa ba. Mutanenmu a waya suke jin waƙa, ko a 'yar lasifikar shagon caji, ko a bayan adaidaita sahu ana tafe ana hon. A irin waɗannan wurare hagu da dama duk ɗaya ne, kuma cikon da aka watsa gefe-gefe aka shafe da amsa-kuwwa yakan dusashe, wani lokaci ya ɓace. Don haka akwai wata tsohuwar ƙaramar waya mai fasasshen gilashi a aljihun tebur, sai na tura waƙar cikinta na fita bakin titi na saurara. Idan cikon ya ɓace, in dawo in matso da shi tsakiya in ɗaga shi kaɗan. Idan kuma shi kaɗai ake ji ya danne baitin, in rage shi, ko mai waƙa yana so ko ba ya so.